Rasuwar Kofin da Ya San Lokacin Jirgi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni mai tsaron ƙofar da motoci ke tsallaka layin dogo, a madadin kaina da direbobi da masu talla da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabana yana tsaki, ina sanar da rasuwar kofina na ƙarfe. Ya cika ranar Laraba da hantsi a kan dakalin tagata, bayan jinyar mako biyu. Shekara talatin da ɗaya yana aiki, bai taɓa neman hutu ba.

Wanda bai san marigayin ba, ya buɗe kunne. Fari ne mai shuɗin baki, gindinsa a lotse tun ranar da ya kuɓuce mini ya bugi dogo. Saboda wannan lotsawar ba ya zama daram. In na tsoma masa cokali na ajiye shi a taga, duk abin da ya taso a kan layi shi ne farkon ji. Jirgin fasinja, sai ya ce kir-kir-kir, a hankali kamar baƙo mai kunya. Jirgin kaya, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Daga muryarsa zuwa isowar jirgi minti goma sha biyu ne cif. In miƙe, in sa hula, in sauke sandar ƙofa. Takardar lokutan jirgi da ofis ya manna mini a bango kuwa, ban taɓa kama ta da gaskiya ba.

Ciwon ajalinsa daga bakina ya fito, ba zan ɓoye ba. Ɗiyar ƙanena tana jami'a, suna bincike a kan yadda za a san lattin jirgi tun bai yi lattin ba. Na ce mata wannan karatun ai kofina ya gama shi tun ba a haife ta ba. Ita kuma bakinta ba ya riƙe magana. Bayan kwana uku sai ga Farfesanta da ɗalibai huɗu, ɗauke da kwamfuta da suka ce sun ɗura mata lattin jirage na shekara goma, har da ruwan sama da zafin rana da lalacewar inji.

Mako uku suka yi a ɗakina suna shan shayina. Kwamfuta ta ce tara da kwata, kofi ya yi gum, jirgi bai iso ba sai goma saura. Wata rana ta ce kowa ya je ya ci abinci, babu jirgi sai ƙarfe biyu. Marigayi ya ce ƙwal, ƙwal. Farfesa na tsaye da loma a hannu jirgin kaya ya wuce shi. Da aka haɗa sakamako, kwamfuta takan kuskure da minti arba'in, marigayi da minti ɗaya, shi ma ɗin ni ne na yi tari ban ji shi ba.

Sai suka roƙe ni aronsa na kwana uku, wai za su auna shi a ɗakin gwaji. Ɗiyar ƙanena ta durƙusa, Baba kaza, Baba kaza, digirinta na nan a cikin kofin. Na bayar.

A can suka so su liƙa masa wata 'yar na'ura, amma ya ƙi zama daidai a kan teburi, yana ta rawa yana ɓata musu awo. Wani dogo mai tabarau, wanda aka ce shi ne ya fi su ƙwaƙwalwa, ya ɗauko guduma ya daidaita masa gindi. Suka kankare dattin shayi na shekara talatin. Suka dawo mini da shi yana ƙyalli, a cikin kwali, har da takardar godiya. Mutane biyar masu karatu sun zo binciken abin da ke sa kofi rawa, sun fara da hana shi rawar.

Na nemi magani iya ƙarfina. Maƙeri ya sake lotsa shi, amma ba a inda Allah ya lotsa ba. Sai ya koma sambatu: ya yi kir-kir don babur, ya yi ƙwal don na ja kujera. Ranar Laraba jirgin kaya ya taso, ƙofa a buɗe, marigayi bai ce uffan ba. Mai sayar da lemo ce ta hango hayaƙi ta ƙwala ihu, tsoho barci kake ko mutuwa? Na sauke sanda da gudun da gwiwata ba ta yafe mini ba har yau. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Da na dawo na taɓa shi, na san ya tafi.

Shugaban tasha ya zo ta'aziyya da kansa, ya kuma bar mini saƙo: in har ƙarshen wata ban koma rufe ƙofa a kan kari ba, kwamfuta za ta hau tagata, ni in koma gida. Yanzu da takardar bango nake aiki. Jiya na rufe hanya awa biyu da minti arba'in. Wani direban tifa ya tambaye ni ko jirgin daga lahira ya taso.

Marigayin ya bar mata ɗaya, cokali, wadda ba ta ƙara magana ba. Ya bar butar shayi, da tuta ja da kore, da rubutu mai shafi arba'in da aka yi a kansa, inda aka kira shi samfuri na biyu. Farfesa ya nemi gawar don ƙarin bincike. An ba shi amsar da ta dace.

Za a binne shi ranar Asabar a gefen layi, bayan wucewar jirgin safe. Kada wanda ya tambaye ni ƙarfe nawa, mai sanin ne za mu binne. Kowa ya zo da abin zama. Mutanen jami'a su tsaya bayan sanda, hannuwansu inda zan gan su.

Ba na buƙatar doguwar gaisuwa. Mai son yi mini ta'aziyya ya duba ɗakin girkinsa, ya kawo duk kofin da ya taɓa faɗuwa. Sabo ko wankakke, a bar shi a gida. Zan jera su a taga in saurara har ƙarshen wata. In babu wanda ya yi magana a cikinsu, masu haƙa su faɗaɗa ramin, kujerata ma za ta shiga.