Ranar da Aka Sallami Tana

A wani daji can bayan tsaunuka, da hantsin wata Laraba, an kwana ana ruwa gari ya yi luf, dabbobin gonar haɗin gwiwa suka taru a gindin tsamiya. Kurege ne ya kira taron. Shekara huɗu ya yi a jami'a yana karanta ilimin kula da ma'aikata, yana dawowa majalisar daji ta danƙa masa ma'aikatan gonar. Aikinsa na farko, ya shimfiɗa laka a bakin ƙofa, ya ce kowa ya taka in zai shiga, da sawu za a san wanda ya zo aiki.

Baba Jaki, wanda ya fi kowa daɗewa a gonar, yana gefe yana korar ƙuda. Shi a zatonsa maganar taki za a yi.

Kurege ya gyara murya. "Jama'a, na duba sawun wata uku. Gwarzuwar ma'aikata ta bana ita ce Hajiya Ƙadandoniya, sawunta kaɗai ya fi naku duka. Inna Tana kuwa ban ga nata ba ko sau ɗaya. Saboda haka daga yau an sallame ta."

Jaki ya saki baki. Kowa ya san Ƙadandoniya mai ƙafafu barkatai, da ta shigo sai ta naɗe ƙarƙashin ganye har la'asar.

"Kai, ɗan nan!" in ji Jaki. "Tana fa ka ce? Ita ke huɗa ƙasar nan tun ba a haifi uwarka ba. Da wace ƙafar za ta taka maka laka?"

"Baba, ban ce ba ta aiki ba. Cewa na yi ba ta zuwa."

"Innalillahi! To wa ke yin aikin nata?"

"Wannan sai a digiri na biyu ake koyar da shi."

Tana ta leƙo daga ƙasa. "Ranka ya daɗe, ai a nan nake kwana. Ta ina zan shigo?"

"To kin ji, Inna. Da bakinki kin ce ba kya shigowa."

Jaki ya juya ga Kura, shugabar majalisa, yana jiran ta tsawata. Kura ta yi hamma. "Yaron nan ya yi karatu. Mu da ba mu yi ba, gara mu kama bakinmu." Aka tafa. Har Ƙadandoniya ta farka ta taya su.

Rana ta ɗaga, hanya ta fara bushewa, Jaki ya san Tana ba za ta kai fadama da rai ba. Ya ciro dunƙulen ƙasa mai danshi da ita a ciki, ya riƙe a baki a hankali, ya kai ta bakin rafi. Ta nutse cikin ƙasa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da yamma Kurege ya duba laka, bai ga sawun fitarta ba. Ya rubuta wa majalisa cewa korarriyar ma'aikaciya ta ƙi barin gona, a ɗauki mataki.