Kaset ɗin Tafinta Barmo

Na rasa miji da kaset goma sha ɗaya, na samu ƙanin miji da ba ni da ikon kora. Ni Tasalla ce, mai albasa a Illela, kuma ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba.

Marigayi Barmo tafinta ne a bakin iyaka. Ya bar mini kaset sha biyu da ya ɗauki muryarsa yana koyar da Faransanci, ya bar mini Mantau ƙaninsa, mai shekara arba'in, wanda duk abin da aka faɗa masa sai ya aikata. Na ƙudurta sayar da kaset ɗin ga Malam Illiya mai makaranta, Mantau kuma in mai da shi ƙauye.

Wata rana Mantau ya kunna rikoda. Muryar mamacin ta ce, "Le, ami. Haɗa su: lezami. Kada ka ja numfashi a tsakani." Mantau ya ce le, ya manta saura, ya ƙi numfashi. Cikin buhunan albasa muka tsince shi a some.

Wata rana muryar ta ce, "Harafin ƙarshe matacce ne. Sai na kusa da shi ya buɗe baki yake tashi." Da azahar aka gano Mantau a maƙabarta, durƙushe gefen kabarin Barmo, baki wangame.

Na ce, "Uban me kake yi nan?"

"Yaya, shi ne na ƙarshe a layi. Ya kusa, na ji yana gyaran murya."

Na ja kunnensa har gida.

Ranar ciniki Malam Illiya ya gwada kaset na ƙarshe. Darasi ya ƙare, sai shuuu. Na kai hannu in kashe, kamar kullum. Mantau ya riƙe ni.

"Ƙarshe ne, Yaya. Bari ya tashi."

Ya tsuguna, ya wangame baki gaban rikodar. Kaji ma suka yi tsit. Can sai gyaran murya daga rikodar, sai muryar Barmo.

"Tasalla. Na san ki, kina can kina ciniki. Sayar da komai, amma Mantau ba ya fita gidan nan."

Hular Malam Illiya ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya ce in faɗi ko nawa ne.

Na ce sha ɗaya zai ɗauka, wannan ba na sayarwa ba ne. Farashi kuwa benci ɗaya wa Mantau a ajinsa, da batir huɗu duk Juma'a. Ya taya biyu. Na sallama a uku.