Hannun Alhaji Mu'awiya da Murfin But

Duk wanda ya ce Bronx ba ta da manyan mutane, bai taɓa hawa bene na biyar a Morris Heights ya gaida Alhaji Mu'awiya Jibrin ba. Alhaji Mu'awiya Na-Kwari, Garkuwan Shadda, Dodon Atamfa, mutumin da in ya yi tari a Jerome Avenue sai farashin leshi ya tashi a Dubai. Ɗan gwaggonmu ne, amma ba don haka ake yabonsa ba. Allah ne ya yi shi da girma, shi kuma ya ƙara da babbar riga.

Shagonsa na yadi, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Amma allon da ke saman ƙofa ya fi shagon faɗi. A ciki akwai komai, ban da tef ɗin awo. Alhaji ba ya awo da tef. Da hannu yake yi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu biyu yadi guda, yadda ya gada a Kantin Kwari.

"Tef na marasa gado ne," in ji shi. "Hannun nan da kuke gani, ranar da Turawa suka yi shakkar incinsu, nan za su zo su tambaya."

To, ana nan sai 'yan kasuwarmu na Bronx suka ce za su naɗa Sarkin Kasuwa, wanda zai riƙa raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Aka sa ranar Lahadin bayan Babbar Sallah, a Crotona Park. Alhaji bai nemi sarautar ba, Allah ya kiyaye. Cewa kawai ya yi ita sarautar ta daɗe tana nemansa. Matsalar ɗaya ce: akwai wani Boubacar, mutumin Maraɗi, mai tebur ɗin turare da huluna a Fordham Road, shi ma an ambaci sunansa. Kuma wannan Boubacar, ranar wata Juma'a, ana neman takalma a ƙofar masallaci, ya saki magana.

"Ni dai ban ce komi ba. Amma yadin Alhaji kamar azumin hunturu yake, kana farawa ya ƙare."

Aka yi dariya. Har Malam Abdulmumini, dattijon da zai yanke hukuncin naɗin, sai da ya rufe baki da carbi.

Wani ƙaramin mutum da sai ya sayi tef ya huta. Alhaji mota ya saya.

Ba irin motocin da kowa ke ja ba. Wata tsohuwa ce da ta girmi kakanmu, irin wadda Turawa ke cire mata tsohon inji su dasa mata na aljanu, su kwantar da ita ƙasa, su zana mata harshen wuta a haƙarƙari, su kira ta hot rod. A rumbun wani tsoho ya samo ta can Pennsylvania. In aka tayar da ita, tantabarun unguwa uku sukan yi hijira. Aibinta ɗaya: bayanta a buɗe yake kamar bakin mai hamma. Murfin but ɗin ya ɓata tun kafin a haifi mai sayarwar.

Aka ce masa akwai masu ƙera irinsa a Queens. Ya yi murmushin tausayi.

"Ni zan kai aikin awo wurin wani? Ni? A falona zan ƙera shi, da hannun nan. Ranar naɗi a gaban kowa zan ɗora shi. In ya zauna daram, bakin mahassada ya mutu. Daga yau kuma a ƙara mini Injiniya a gaban suna."

Aka ƙara. Ba a sayen suna da kuɗi.

Washegari da hantsi Injiniya ya sauko titi, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Ya ɗora gwiwar hannu a bakin but, ya miƙe yatsu har suna ƙara, irin miƙewar da yake yi ranar da shi ne mai saye a wurin dila. Faɗi kamu uku. Tsawo kamu biyu da taƙi. Bai rubuta ba, don rubutu na masu mantuwa ne. Ya haye bene da awonsa a ka, lifta kuwa dama ta daɗe da yin ritaya.

Falon Hajiya Rafia, uwargidansa, ya koma maƙera. Aka jingine kujeru, aka naɗe kafet, aka shimfiɗa farantin ƙarfe a inda ake shimfiɗa ledar cin tuwo. Injiniya ya durƙusa, almakashin yankan ƙarfe a dama, hagu tana awo.

A nan fa sai an yi wa Alhaji adalci, don abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Hannun ne ke da ilimi. Shekara da shekaru ana koya masa darasi ɗaya: in saye ake, a miƙe, in an ji motsin almakashi, a lanƙwashe yatsu. Hannu kuwa ɗalibi ne mai biyayya, bai san shadda ba, bai san ƙarfe ba, bai san mai gida ba. Yana jin ƙaras, yatsu suka koma ciki kamar kunkuru ya ga yara. Alhaji ko a jikinsa. Yana yanka yana yi wa kansa kirari.

Saura lanƙwasa, don murfin irin wannan mota ƙusumbi gare shi. Masu sana'ar kututture suke fafewa su bubbuga ƙarfen a ciki. Injiniya ya waiga, sai ga turmin Hajiya, wanda ta taho da shi tun daga Kano a cinya kamar jariri. Ya kifa ƙarfe a bakin turmi, ya ɗaga taɓarya.

Gidan ya ɗauka. Hotuna suka sauko daga bango da kansu. Matar da ke ƙasa, wata 'yar Dominika, ta riƙa zungurar silin ɗinta da sandar tsintsiya. Alhaji ya tsaya ya saurara.

"Kin ji ko, Hajiya? Har maƙwabta sun kama kiɗan. Mutanen nan sun san aiki."

Sati guda gidan ba a daka yaji ba. Sati na biyu ya shiga banɗaki da gwangwanayen jan fenti, ya fito da murfi ja, baho ja, tawul ja, gemu ja. Tuwo ya koma ƙamshin fenti. Amma a faɗi gaskiya, murfin ya yi kyau. Yana sheƙi har mutum ya ga haƙoransa. Alhaji ya jingine shi a inda talabijin take, iyali suka koma kallonsa bayan magariba.

"Baban Ikram," in ji Hajiya, "ka sauka da shi ka gwada mana, tun babu idon mutane."

"Gwaji na masu shakka ne. Kin taɓa ganin an gwada wa giwa hanci kafin a manna mata?"

Hajiya ba ta taɓa gani ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lahadi ta zo da rana tarwai, Crotona Park ya cika. 'Yan Kano da 'yan Zinder, 'yan zangon Kumasi da kulolin wake da shinkafa, hayaƙin tsire na tashi, yara na guje-guje ana kiransu da Hausa suna amsawa da Turanci. Sai aka ji ƙasa na rawa. Injiniya ne, cikin farar shadda mai aska tara, ya cika motar har ya zubo ta taga. A bayansa taksi, Hajiya a ciki, ta rungume murfin a naɗe cikin bargo.

Ya yi fakin a bakin titi inda kowa zai gani. Ya hau kan dakali. Ya ɗaga hannun hagu sama kamar wanda ya ciwo kofi.

"Jama'a, ku dubi hannun nan! Babu tef, babu kwamfuta, babu Bature. Shi ya auna but, shi ya auna murfi. Kuma ina so a shaida: shi ne dai hannun da ya auna kowace shadda, kowace atamfa da ke jikinku yau. Yadda ya yi wa motata, haka yake yi muku. Ba ya bambanta ni da ku!"

Tunda aka haifi Alhaji bai taɓa faɗar gaskiya tsantsa irin wannan ba.

Aka yaye bargo. Mata suka yi guɗa. Ya ɗaure hinji biyu na sama, maƙalan murfin, da kansa, yana hana kowa taɓawa, ya ɗaure noti, ya goge zufa. Sannan ya riƙo murfin da yatsa biyu, ya sauke shi a hankali, yana kallon Boubacar.

Murfi ya sauko. Ya sauko. Ya ƙare.

But kuwa bai ƙare ba. Daga leɓen murfin zuwa leɓen motar an bar fili wanda kyanwa za ta shiga da cikinta ba ta sunkuya ba. Hagu da dama ma iska na wucewa tana gaisawa. Ta cikin ramin kowa na hango tsohuwar taya da bandir ɗin shadda da Alhaji ya zo da shi ko za a samu ciniki.



"Ƙarfen Amurka ne," in ji Injiniya. "Sanyi yake ji ya tsuke."

Mutane suka dubi rana, suka dubi zufar da ke bin gemunsa.

"Kuma da gangan ne. Ƙofar iska ce. Manyan motoci duk haka suke, sai dai wanda bai yi yawo ba."

Sai ga Hajiya Fatsuma 'yar Kumasi, mai abinci a Mount Hope, ta ratso taro. Ta zura tafin hannu a ramin gefe, ta fitar, ta kai shi kan zanenta, daidai inda bakin zanen ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa, inda ta kama da fil.

"Ei, Alhaji! Ga sauran zane na a nan! Shekara nawa ina bari tuwo, ina cewa ni ne na yi ƙiba!"

Kamar an buɗe famfo. Wannan ta ɗaga hannun riga, waccan ta warware ɗankwali tana gwadawa a bakin but. Wani ya tuna labulen da ya tsaya a rabin taga. Tela Saeed, wanda aka daɗe ana zagi a kan cin yadin mutane, ya zauna a kan ciyawa ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Malam Abdulmumini kuwa sunkuyawa ya yi yana duban wandonsa, wanda ya tsaya can sama da idon sawu.

"Alhaji," ya ce a hankali, "ashe ba don tsare mini sunna ka yi ba."

Wani da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Amma manya ba sa gudu daga fage. Injiniya ya ɗaga murfin, ya zaro bandir ɗin shadda da almakashi.

"Ƙaramin abu ne. Da ma tsarin haka yake, ƙarfe a sama, labulen shadda a ƙasa. Yanzu za ku gani."

Ya auna ramin, yatsu a miƙe. Ya juya kan shadda, ya buɗe almakashi. Jama'a kuwa duk sun zuba wa hagunsa ido. Ƙaras. A gaban ɗaruruwan shaidu yatsun nan suka sunkuyar da kai suka shige tafin hannu. Ya ɗaga ƙyallen ya kara a ramin. Bai kai ba.

"Ajiye almakashin nan, Alhaji," in ji Malam Abdulmumini, "kafin ka rage mana filin."

Ba a yi doguwar shawara ba. Aka zaunar da Boubacar a kan tabarma, aka kawo rawani, wanda 'yan kasuwar suka saya a shagon Alhaji da kansa, shi kuma ya yanka da zummar kansa zai hau. Malam ya fara naɗi. Ya zagaya, ya zagaya, zai kai zagayen ƙarshe sai rawani ya ce ga garinku nan. Aka ja, aka tusa, aka kama da fil ɗin Hajiya Fatsuma. Sabon Sarkin Kasuwa ya miƙe, kunnen dama a rufe, na hagu a waje yana shan iska.

Ya shafa kunnen, ya dubi layin matan da suka riga suka jeru da zannuwa a hannu, sannan ya dubi Injiniya.

"Merci, Alhaji. Ka bar mini kunne guda na jin ƙara. Matso kusa, da kai za mu fara."