Ranar da Na Shanya Ƙwarina

Wata shida ina kiwon wasu ƙwari masu sulke, 'yan dajin Asiya, cikin akwatin roba mai danshin ƙasa, a ɗakinmu na unguwar Muraƙƙabat, can ƙasar Larabawa. Wata Juma'ar Agusta na ga sun yi lamo, na yanke hukunci sanyin esi ne, na'urar sanyaya ɗaki.

Issufu, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Malam, bar su a ciki."

Na ce, "'Yan ƙasar zafi ne kamar mu. Me ka sani?"

Na kai su baranda, na buɗe murfin, muka tafi masallaci. Kafin mu dawo sun bushe ƙayau.

Ko jaje babu wanda ya yi mini. Har yau in na shigo, Issufu kan miƙo ƙullin yaji: "Mai fara, yau ba a soya ba?"