Tagar Mati

A shekarun da Turawa suka fara sayen fatun jajayen awaki a Sakkwato, Mati mahaucin Ƙofar Marke ya kai nasa. Bature ya ɗaga fata ɗaya ya duba a rana, sai ga fuskar Mati ta cikin hudar da wuƙa ta yi, yana washe baki. Tun ran nan ake ce masa Mai Taga. Duk da haka, bana shi akawun kamfani ya zaɓa ya riƙa kawo fata, aka bar taubashinsa Jinaidu. Abin ya tsaya wa Jinaidu a rai, ya sami Mati wurin shanyar fata.

"...lahiya lau, bawana. Ina gajiyar huda hwatun mutane?"

"Babu gajiya, Jinaidu. Mi ya kumbura ka haka da sahe, awa kwaɗon damina?"

"Zalunci! Hwatu shida anka maido maka, ni ɗaya tak. Amma kai anka ɗauka. Ko layar kakarmu ka sace?"

"Nawa ka kai?"

"Biyar."

"Ni sittin. Cikin kowace goma tawa, ɗaya ta huje. Kai ɗaya cikin biyar. Da sittin ka kai, sai an ɗauko jaki ya maido maka sha biyu. Laihi tudu ne, taubashi."

Jinaidu ya ƙirga da yatsu, sannan ya zabura.

"Tsaya! Ana yi wa mutum hukunci da hwata biyar? Wuƙa sau ɗaya ta zame mini, don tari ya sarƙe ni. Da ban yi tarin ba, da biyar ɗina sun wuce sumul. Sai ka yarda na hi kowa a birni?"

"Allah shi kiyaye!"

"To, in biyar ba su isa yabona ba, ba su isa zagina ba."

Mati ya sosa ƙeya. "Yau dai mahaukaci ya hwaɗi gaskiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Jibi akwai yanka babba, awaki sittin. Ka heɗe talatin, in heɗe talatin, mu yi wa hwatun alama a ɓoye mu gauraya, akawu shi duba bai san na wane ba."

"In munka zo kusa da juna?"

"Huda ɗaya ko biyu tsakani, tari ne. Mu raba aikin. In ka yi mini nisa, na bar maka duka."

"Na yarda. Amma ka zo da tagarka, ko Bature na marmarin haƙoranka."

Mati ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaro tsohuwar fatar daga ƙarƙashin tabarma, ya ɗora masa a kafaɗa.

"Ungo, na ba ka. Ni ta nan ya hango ni har ya riƙe huskata. Kai da ka tsaya gabanshi babu taga, har yau tambaya yake ko wane ne mai tarin nan."