Motar Mai Girma Ta Durƙusa

Jiya na yini kwance a ƙarƙashin mota da kwanon ruwan sabulu, sanye da kwat ɗina guda ɗaya tak. Ga yadda aka yi.

Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara masa kujeru, yana da wata doguwar mota tsohuwar hannu da aka sayo masa daga ƙetare. Ba ta da sifirin irin na motocin talakawa. A kan jakunkunan roba cike da iska take zaune, don kada jikin manya ya san akwai ƙasa. Kwanan nan ta soma durƙusawa ta baya, gefen hagu. In ya isa taro sai a ga kamar motar ce ta zo gaishe mu.

Aka ce laifin direbansa Mudi ne, wai yana ɗaukar buhunan auduga da ita a ɓoye. Za a kore shi. Mudi maƙwabcina ne, gidansa cike da bakuna. Ya same ni da hula a hannu.

"Malam, kai ka karanto inji a Ingila. Wallahi ko kaza ban taɓa ɗauka ba."

Aikin ba wuya. Ka tayar da mota jakunkunan su cika da iska, ka kashe, ka kasa kunne. Sannan ka shafa ruwan sabulu a bututu da jaka. Inda kumfa ta taso, nan iska ke gudu. Gwaggo Sabuwa ta ba ni sabulun salo, tana cewa, "Shekara da shekaru a Turai, ashe wankin mota ka koyo."

Bututu lafiya. Jakar hagu kuwa ta yi kumfa kamar an tatsi saniya. Na laluba, na zaro tsinin dutse. Na san dutsen. Na hanyarmu ne zuwa Funtua, wadda Mai Girma ya buɗe bara da almakashi, ya shaida wa duniya an malala mata kwalta. Kwaltar tana nan, daidai inda aka kafa rumfar taron.

Mai Girma ya leƙo. "To, ɗan boko, direba ne ko?"

In na ce hanya, na ƙaryata almakashi, kuma a kan Mudi Mai Girma zai huce haushi. In na ce direba, na kashe gida. Na jefa dutsen a aljihu.

"Ranka ya daɗe, iska ce. Da iskar ƙetare motar ta zo, ta ƙare. Tamu ta Malumfashi ba ta karɓe ta ba."

Fuskarsa ta washe. Ya juya ga 'yan rakiya. "Ban faɗa muku ba?"

Duka suka tuna ya faɗa.

Na liƙe jakar da faci, na cusa guntun katako ya tallafe ta. Mudi yana bakin aikinsa. Ya kawo mini ƙwai, ya tambaye ni a asirce ko batun iskar gaskiya ne. Na ce ya riƙa tuƙi a hankali.

Yau da safe na ji an naɗa tawagar manya za ta tafi ƙetare sayo iska, kowa da iyalinsa. Allah ya kai su lafiya. Roƙona ɗaya, in an sauke ta daga jirgin ƙasa a Funtua, a nannaɗe ta da kyau. Ta hanyarmu za ta biyo.