Ranar da na shiga rabon faɗa a wasan Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je kallon kiɗan 'yata a Takoma Park ba. Ko ni na manta, ƙuguna yana tuna min duk lokacin da zan fito daga mota.

Ni direba ne, mutumin Maradi, ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Na daɗe ina jigilar mutane daga Springfield zuwa filin jirgi, na ɗauka babu sauran abin da zai ba ni mamaki a ƙasar Turawan nan. Sai Allah ya ba ni Rakiya, autata. 'Ya'yan mutane suna son zama likita, ita ganga take bugawa. Kuma ba gangar arziki ba, ta wani kiɗa da ake ce wa metal, wai ƙarfe. Ranar da na fara jin sa daga ɗakin ƙasa, da gudu na sauka, na zaci injin wanki ne ya lalace. Na ce mata wannan kiɗan shaiɗanu ne. Tun daga nan yarinya ta ɗauke min wuta, gaisuwa kawai, ita ma a tsaye. Ga shi shekarar za ta tafi jami'a. Uwarta ta ce, "Malam, in ka bari ta tafi a haka, sai dai ka riƙa jin labarinta a bakina."

Uwar ce ta shiga tsakani har Rakiya ta yarda in kai ta wasansu, in tsaya in gani. A mota ta buɗe min karatu (ita da Ingilishi, ni da Hausa, haka muke yi tun tana ƙarama). Wai asalin kiɗan wani garin masana'antu ne a Ingila, 'ya'yan ma'aikata suka tashi cikin ƙarar injuna, suka mayar da ita kiɗa. Na ce, "Ashe maƙera ne! Ai kakanki ma maƙeri ne, dundufa ake kaɗa musu." Ta yi murmushi, abin da na daɗe ban gani ba.

Sai ta saki jiki. Ta ce daga baya abin ya rarrabu. Akwai mai tafiya a hankali kamar ana kai gawa. Akwai mai gudu kamar an biyo ɓarawo a kasuwa, shi ne nasu. Akwai wanda mawaƙin ke gurnani kamar bijimin da wuƙa ta ƙi ci. Sai na mutanen ƙasashen sanyi, masu shafa fari da baƙi a fuska suna ƙara kamar an taka jelar mage. Kuma kowane ɓangare cewa yake nasa ne na asali, sauran 'yan bidi'a ne. (Wannan kam na gane shi sarai, na zauna da malamai.)

Ta fara cewa, "Baba, akwai wani abu da suke yi a gaban dandali..." Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na katse ta da labarin yadda kakanta ke wasa da jan ƙarfe ranar bikin maƙera. Har muka iso ban yi shiru ba. Da za ta fita ta ce, "Ka tsaya a baya. Kada ka taɓa kowa." Har na ji haushi. Wa zan taɓa, ni da furfurata?

Babbar riga na sa, fara sol, mai aiki, na sha turare. Da na shiga zauren, kowa baƙaƙen kaya ne, na zama kamar ragon layya cikin garken awaki. Na samu bango na jingina. Ƙungiyoyi da yawa ne, kowacce ɗan lokaci kaɗan aka ba ta, kuma wannan ne karon farko da su Rakiya za su hau.

Suka hau. Ga ta can baya da baƙin ɗankwali, ta ɗaga sanduna, ta saukar. Wallahi hannun kakanta ne, yadda yake dukan uwar maƙera. Ƙirjina ya cika. Jama'a suna ta kaɗa kai kamar 'yan bori, na ce to, kowa da haukansa.

Sai na ga tsakiyar fili ta buɗe, samari sun fara gudu suna karo da juna. Wani ƙato mai gemu har ƙirji ya bangaji wani siriri, siririn ya yi ƙasa. To ku sani, a inda na tashi dattijo ba ya kallon faɗa. In ka wuce ba ka raba ba, kai za a zaga, ba masu faɗan ba. Kafin hankalina ya zo, ƙafata ta riga ta tafi. Na tattare riga na kutsa.

Ban san ta ina aka same ni ba. Na dai ji ni a ƙasa a kan ƙugu, hula ta yi nata wuri. Nan take hannuwa suka rufe ni suka miƙar da ni tsaye, ni kuwa na ce shi ke nan, taron dangi za a yi min. Na cafki gemun ƙaton da dama, kunnen siririn da hagu. Ingilishin da na tara duk ya gudu, na kwarara ihu: "Kai! Ba ku da iyaye ne?"

Masu jita suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ganga ce ta ƙarshe. Wurin ya yi tsit. Sai na ji an ja lasifika, na ji muryar Rakiya ta cika zauren, da Hausa tsantsa, ba gargada: "Baba. Sake su. Rawa suke yi."

Shekara nawa ina roƙon yarinyar nan ta yi min Hausa a gaban mutane. Allah ya amsa, amma ya zaɓi ranarsa.

Na duba hannuna, gemun mutum a ciki. Shi kuma bawan Allah hulata ce a hannunsa, yana kakkaɓe ta, yana tambaya ko na ji ciwo. Ashe shi ya ɗaga ni. Ashe ƙa'idarsu ce, in wani ya faɗi, kowa ya tsaya a tayar da shi. Abin da ta so gaya min a mota ke nan. Kafin in ɗingisa in koma bangona, mai shirya taron ya nuna agogo. Su Rakiya suka sauka, ko waƙarsu ba su kai ƙarshe ba.

Muka kama hanyar gida. Can na daure na ce, "Auta, a yi haƙuri." Ta juya fuska waje, kafaɗunta suna rawa. Na ce na kashe kaina, kuka take. Ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Da ta samu ta ce, "Baba, muryarka ta fi ta mawaƙinmu. Ka dace da masu gurnani."

Wani ya ɗauki abin a waya, kamar yadda aka saba. Yanzu da muryata waƙarsu ke farawa (ta nemi izinina, bayan sun gama haɗawa). Ta tafi jami'a, tana kirana duk mako, kuma ita ta gaya min 'ya'yan Turawa sun haddace, sai sun haɗa baki sun ce "Ba ku da iyaye ne?" sannan su afka wa juna.

Abin da na koya bai da yawa. In 'yarka ta fara magana, rufe baki har ta kai aya. In kuma ka ga ana faɗa a ƙasar nan, duba tukuna ko akwai mai ganga.